Na Dawo Daga Hajji Zuciyata A Bushe

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan labari, domin ba irin maganar da ake son ji daga bakin mace irina ba ce. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya same ni, ni matar aure ce a Illela, uwar 'ya'ya, kuma malamar matan unguwarmu. A gidan malamai na tashi, a ƙauyen Lafani. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da makaranta a ƙofar gida, kuma bai bambanta mu da maza wajen karatu ba. Na sauke Alƙur'ani tun ban isa aure ba, na kuma karanci littattafan fiƙihu a gabansa. Da aka kawo ni Illela sai matan makwabta suka fara shigowa in sun gama aikin gida, wannan a gyara mata Fatiha, waccan a koya mata hukuncin tsarki, har abin ya zama makaranta. Maigidana ya kafa mana rumfa a tsakar gida, ya sayo tabarmi. Shi ɗan kasuwa ne, yana sayen albasa a ƙauyuka yana kaiwa Konni a tsallaken iyaka, wani lokaci har gaba. Karatunsa bai yi nisa ba, amma bai taɓa tauye nawa ba.

A wancan lokaci ni mai saurin hawaye ce a gaban Ubangijina. In na kabbara salla, duniya takan yi mini nisa. Akwai ayoyin da ba na iya wucewa ba tare da muryata ta karye ba. In na yi sujada ba na son ɗagowa. Ban san cewa wannan kyauta ce aka ara mini ba, na ɗauka halina ne, kamar tsawona ko launin fatata. Na kuma ɗauka cewa hawayen nan su ne shaidar an karɓa. Har nakan ji tausayin masu salla da sauri, cikinsu har da maigidana, wanda yakan idar ya shafa addu'a ya zura takalmi kafin ni in gama raka'a biyu.

Wata shekara ya dawo daga kasuwa ya ce in fara shiri, ya biya mini kujerar hajji. Na tambaye shi shi fa, tunda bai taɓa zuwa ba. Ya yi dariya ya ce nasa lokacin yana tafe, ni na fi shi sanin abin da za a roƙo, in je in roƙo mana gaba ɗaya. Murna ta hana ni tambayar yadda aka yi ya samu hali. Yayana, wanda ya gaji makarantar mahaifinmu, shi ma a shekarar zai je, sai ya zama muharramina.

Tun ina yarinya nake kwatanta ranar da zan ga Ka'aba. Na tabbata a raina suma zan yi. Ranar ta zo, muka shiga masallacin cikin ayarin matan jiharmu, sai ga ta a gabanmu. Matar da ke gefena ta durƙushe tana kuka, wata ta riƙe kafaɗata jikinta yana rawa. Ni kuwa na tsaya ina kallo. Na ga girmanta, na ga mutane suna kewaya ta, na ji sanyin daɓen a tafin ƙafata, na tuna ban ɗaure jakar takalmina da kyau ba. Na tsaya ina jiran abin nan da na saba ji ya taso mini daga ƙirji. Bai zo ba. Na ce gajiyar hanya ce, gobe zai zo. Gobe ta yi, jibi ta yi. Na ce to a Arfa. Ranar Arfa na ɗaga hannu tun rana na sama har ta kusa faɗuwa, bakina yana ta jero addu'o'in da na haddace, na roƙa wa kowa abin da ya saƙa mini, amma ƙirjina kamar an share ɗaki an kwashe kayan ciki. Kunya ta sa na ja hijabina na rufe fuska. Yayana ya hango ni daga nesa, daga baya ya riƙa ba mutane labarin yadda na wuni ina kuka a Arfa. Ban taɓa gyara masa ba.

Da muka dawo, gida ya cika. Ana shigowa ana cewa Hajiya, ana karɓar zamzam da dabino, tsofaffi suna kama hannuna suna shafawa a fuskarsu. Kowa tambayarsa ɗaya, yaya na ji da na ga ɗakin Allah. Nakan ce abin sai wanda ya je. Su gyaɗa kai, wasu har idonsu ya cika. In sun fita sai in zauna bakin gado in rasa abin da ke yi mini daɗi.

Na yi zaton in na huta, na koma kan sallayata ta gida, komai zai dawo. Watanni suka shige. Salla ta zame mini kamar ɗaukar tulu daga rijiya mai nisa: ina kaiwa gida, amma sai da jan ƙafa. In buɗe Alƙur'ani in karanta shafi guda, in kai ƙarshe ban san abin da na wuce ba. Ayoyin da suka saba karya mini murya na riƙa bi ta kansu lafiya lau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makaranta. Zan zauna a rumfa ina yi wa mata bayanin tsoron Allah da halarto da zuciya a salla, in ga wata tana share hawaye da gefen mayafi saboda maganata, ni mai maganar kuwa babu ko ɗigo a cikina. Sai wata murya ta fara raɗa mini cewa ai wannan shi ne munafunci, kina sayar da abin da ba ki da shi. Ta ce an kai ki har bakin ƙofa an nuna miki ba a son ki. Ba ni da wanda zan gaya wa. Ɗalibaina suna ganina a sama, maigidana yana alfahari da ni a tasha, ƙawayena kuwa in na ce musu zuciyata ta ƙeƙashe bayan hajji, ban san da wane ido za su ƙara kallona ba.

Da damina ta sauka na je Lafani gaisuwa. Na samu yayana shi kaɗai a zaure, na kawo masa maganar a kaikaice, na ce wata ɗalibata ce take fama da haka. Bai ko ɗaga kai sosai ba, ya ba ni amsar da ake ba mai tambaya. Ya ce bushewar zuciya galibi zunubi ne ke kawo ta, ko kuma cin haram, don haka ta binciki kanta, ta binciki abin da ake kawo mata ta dafa. Ban ga laifinsa ba har yau, abin da na tambaya ya amsa. Amma na hau babur na dawo Illela da maganar nan tana yi mini ƙaiƙayi. Na binciki kaina iyakar iyawata, na tuba daga abin da na sani da wanda ban sani ba, babu abin da ya canja. Sai hankalina ya koma kan maigidana. Duk wanda ya zauna garin iyaka ya san irin kayan da ke bin hanyoyin daji, ya san ba kowane buhu ba ne abin da aka ce yana ciki yake ciki. Na fara tambayar kaina, mai sayar da albasa ina ya samu kuɗin kujera lokaci guda?

Na riƙe abin a ciki har ya fi ƙarfina. Wata rana da azahar ya dawo, na ajiye masa tuwo, ya fara ci. Sai na ji bakina yana tambayarsa, don Allah ya gaya mini gaskiya, kuɗin da ya biya mini hajji da su na halal ne? Ya tsaya da loma a hannu. Ya mayar da ita cikin kwano, ya jawo ruwa ya wanke hannu a hankali. Sannan ya ce gonarsa ta ƙauyen Araba ya sayar, wadda ya gada wurin mahaifinsa. Ya ce ya ɓoye mini ne don ya san in na ji ba zan yarda in tafi ba. Na san gonar. A nan yake noma geron da muke ci, a nan yake kai yara su ga dangin ubansu. Ya dube ni ya ce, "Malama, mi kika gani gare ni?" Ya tashi ya fita, tuwon ya huce a wurin.

Bai yi mini faɗa ba, bai rage mini komai ba. Sai dai ya daina zama muna hira bayan cin abinci, tafiye-tafiyensa kuma suka ƙara tsawo. Na rasa Ubangijina a yadda nake ji, ga shi kuma na ture mutumin da ya fi kowa kusa da ni. Daga nan na rufe makaranta. Na ce wa mata ba ni da lafiya. Maigida ya kai ni asibiti, likita ya ce jinina ya ɗan hau, ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na ce babu. Wata makwabciya ta ce wataƙila iska na kwaso a hanya, a nemo mai ruƙiyya. Na yi mata godiya na rufe ƙofa. Mata suka yi ta zuwa dubiya, sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Yara su tafi makaranta, gida ya yi tsit, sai ƙarar babura masu zuwa bakin iyaka. Nakan zauna a ɗaki in ji duniya tana ta harkarta a bayan katanga, ni kuwa kamar an manta da ni a wani wuri. Na bar nafila, na bar azumin Litinin da Alhamis, na bar wuridin da na ɗauka tun a gaban mahaifina. Farilla kaɗai ta rage, ita ma da ƙyar.

Akwai ranar da ba zan manta ba. An kira la'asar ina zaune a bakin ƙofar ɗaki. Sai na ce a raina, bari in ƙi tashi in gani. Ba mantuwa ba ce, ba barci ba ne. So nake in ji ko da tsoro ne, ko da zafin laifi ne, in dai zan ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Na zauna ina kallon inuwa tana hawa katanga. Rana ta yi ja, kaji suka fara neman wurin kwana, yara suka shigo suna wasa, ban motsa ba. Aka kira magariba. Ni da ban taɓa barin salla ta fita lokacinta da gangan ba tun da na yi wayo, ga shi na bari, kuma ban ji komai ba. Wannan rashin jin shi ne ya ba ni tsoro, amma tsoro na hankali, irin na wanda ya taɓa ƙafarsa ya ji ba ta jin taɓi. Na gane cewa in na sake yin haka gobe, jibi ba sai na yi shawara ba. Na miƙe na yi alwala, na rama la'asar, na yi magariba. A sujadar ƙarshe na yi maganar da ba a littafi na koya ba. Na ce ya Ubangiji, ba ni da abin da zan kawo maka, ka fi ni sanin yadda cikina yake. Amma ba ni da wata ƙofa sai taka. Ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, nan za ka same ni. Ban yi kuka ba. Na dai ɗauki alkawari tsakanina da Shi cewa salla biyar ba za ta ƙara fita lokacinta ba, kuma kullum zan karanta ko da 'yan ayoyi ne, ko na ji daɗi ko ban ji ba.

Haka na ci gaba, ba daɗi ba sauƙi. A cikin wannan hali akwai mutum ɗaya da ta ƙi ɗauke ƙafa. Wata tsohuwa ce Bafulatana, daga wata ruga a bayan Lafani, tana kawo nono kasuwa. Da girmanta ta fara zuwa makarantata, harshenta yana yi mata nauyi, Hausar ma a karye take balle Larabci. Inna muke ce mata. Duk ranar kasuwa in ta sayar da nononta sai ta shigo, ta ajiye ƙwarya a rumfa, ta zauna kan tabarma ita kaɗai. Karon farko na leƙo na ce mata ba ni da lafiya. Ta ce Allah ya sawwaƙe, za ta ɗan huta ta tafi. Mako na gaba ta dawo. Na sake ba ta haƙuri, ta sake zama har rana ta yi sanyi. Rannan ta matso bakin ƙofata ta ce ita ba karatu mai yawa take nema ba, tahiya ce kawai ta gagare ta, kuma tana jin kunyar ta je gaban Allah ba ta iya gaishe Shi daidai ba. Ta ce shekaru sun ja, ba ta san ko za ta ga wata damina ba.

Ba don Allah ya motsa mini zuciya na fito ba, kunyar tsohuwa ce ta fito da ni. Na zauna gabanta, ina faɗa tana maimaitawa. Kalma ɗaya sai mu wuni a kanta, mako ya zagayo ta dawo ta mance rabi. Ina jin muryata kamar ta wata ce ke magana. Ita kuwa ba ta taɓa tambayata abin da ke damuna ba, ba ta taɓa cewa na rame ba ko na canja. In mun gama ta zuba mini nono a kwano, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Tun daga tsakiyar damina muke wannan har aka yi girbi, kuma in ban da yarana, ita ce kaɗai fuskar da nake gani a kai a kai.

Bayan kaka sai ta daina zuwa. Wata safiya ɗiyarta ta yi sallama, ta ce Inna tana kwance jiki ya yi tsanani, kuma tana ta kiran Malama. Aka yi sa'a maigida yana gari. Na nemi izininsa in hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ya ce a'a, shi zai kai ni. Rabon da in hau bayan babur ɗinsa har na manta. Muka bi ta cikin gonakin da aka girbe.

Na same ta a bukka, kwance kan gadon kara, ta zama 'yar ƙarama. Ta kama hannuna, ta ce in saurara in ji. Ta fara karanta tahiya, tana tsayawa tana jan numfashi, ni kuma ina riƙe da bakina kar in tare ta. Ta bi ta kalma bayan kalma, har wuraren da suka saba kayar da ita, ta kai ƙarshe ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta buɗe ido ta ce, "Malama, ya yi?" Na ce, "Ya yi, Inna. Wallahi ya yi." Ta yi murmushi. Bayan azahar numfashinta ya fara sarƙewa, na matsa kusa da kunnenta ina ambaton kalmar shahada, leɓenta yana bi, har ta cika. Ni da matan rugar muka yi mata wanka. Suna kuka, ni idona a bushe. Amma ina zuba ruwa ina tunani: duk watannin nan da nake ganin kaina fanko, ashe abin da ke fita daga bakina yana isa inda aka aike shi. Ni ban ɗanɗana ba, amma ita ta ƙoshi, ta tafi da shi.

Da aka dawo daga maƙabarta muka kamo hanya. Lokacin salla ya same mu a daji, maigida ya tsaya ƙarƙashin wani gawo, muka yi alwala da ruwan gorar da ke ɗaure a babur, ya ja mu salla a kan ƙasar gona. Da ya yi sallama ya juyo zai miƙe, na ce ya dakata ina da magana. A nan, tsakanin karan gero, na gaya masa komai. Na gaya masa Ka'aba, na gaya masa Arfa, da dalilin rufe makaranta, da dalilin muguwar tambayar da na yi masa, har da la'asar ɗin da na bari. Na ce ina tsoron Allah ya juya mini baya, gonarsa ta tafi a banza.

Ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan tsinke. Sannan ya ce shi tun da yake bai taɓa zubar da hawaye a salla ba, ko sau ɗaya. Ya ce da yakan ga ina kuka a kan sallaya ya ɗauka wannan rabon malamai ne. Shi sallarsa a tasha yake yinta, motoci suna ƙara, ya kabbara hankalinsa ya gudu wurin albasar da ke ruɓewa, ya jawo shi, ya sake gudu, ya sake jawowa, har ya idar. Ya ce bai taɓa jin wannan daɗin da nake nema ba, shi dai an kira shi ne yake zuwa. Ya ɗago ya dube ni, ba da gatse ba, da gaske yake tambaya, ya ce, "To Malama, ni ke nan tun da nike ba a karɓa ba?"

Na san sharuɗɗan salla da farillanta tun ina ƙarama, na koyar da su ba adadi, kuma babu inda aka ce sai an yi kuka ko sai an ji zaƙi. Ba zan iya duban mutumin nan, wanda ya rabu da gadon ubansa don matarsa ta je ɗakin Allah, in ce masa ba a karɓar sallarsa ba. To in ban yanke masa wannan hukunci ba, da wane ilimi na yanke wa kaina? Na ce masa a'a, muna kyautata wa Allah zato. Na roƙe shi gafarar zargin da na yi masa. Ya ce wannan ya daɗe da wucewa, abin da ya fi yi masa ciwo yanzu shi ne a ce ina cikin gidansa ina ɗauke da irin wannan kaya shi bai sani ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar komai ya dawo ba. Na sake buɗe makaranta zuciyata tana nan yadda take. Na koma wurin likita na gaya masa gaskiya, ya ce akwai ciwon damuwa a cikin lamarin, ya ɗora ni kan magani. Barcina ya gyaru, na fara cin abinci, nauyin ƙirji ya ragu, amma bushewar ta daɗe bayan haka. Na je na faɗa wa yayana cewa ɗalibar nan ni ce. Ya ce da ya sani da ba haka zai amsa ba, kuma tun daga ranar in aka kawo masa irin wannan tambaya sai ya nemi ganin mai ita. Daɗin ibada kuwa yakan leƙo ni yanzu jefi-jefi, ba sallama ba sanarwa. Wata rana ina tsintar shinkafa na ji wata ɗaliba tana bita a rumfa, kawai sai ga hawaye. Na yi godiya. Bayan kwanaki ya sake tafiya, ban bi shi da gudu ba. Gonar Araba ba ta dawo ba, maigida kuma har yau bai samu zuwa hajji ba. Kullum ina roƙa masa, da zuciyar da nake da ita.

Abin da na koya shi ne, na daɗe ina bauta wa Allah ina karɓar ladana nan take, a cikin daɗin da nake ji, har na kasa bambance Ubangiji da wannan daɗin. Da aka ɗauke shi sai na zaci Shi ne ya tafi. Alhali umarni aka yi mini in tsaya, in yi ruku'u, in yi sujada, kuma wannan yana hannuna ko a ranar da ƙirjina yake kamar dutse. Abin da ke saukowa cikin zuciya ba nawa ba ne, Mai shi yana bayarwa lokacin da ya so.

Don haka 'yar'uwa, ko ɗan'uwa, in kana cikin irin wannan hali, kada ka saki farilla ko da wasa, kada ka ce bari in gwada in gani, domin ba kowa ne ake ba ikon miƙewa bayan ya zauna ba. Kada ka ɗauki bushewar zuciyarka ka je kana neman mai laifi a cikin gidanka. Kada ka kulle kanka a ɗaki, shiru shi ya fi komai ciyar da wannan ciwo. Nemi mutum ɗaya mai amana ka gaya masa, kuma in barci da abinci sun gagara, je asibiti, ba raunin imani ba ne. Ku kuma malamai da manya, in wani ya zo muku da wannan kuka, ku dubi fuskarsa kafin ku ba shi amsa.

Kwanan baya wata amarya cikin ɗalibaina ta tsaya bayan kowa ya watse. Ta yi ta murza gefen hijabinta, sannan ta ce tun da ta haihu ba ta jin komai in tana salla, tana tsoron ko imaninta ne ya fita. Ban tambaye ta zunubin da ta yi ba. Na ce mata na san wurin nan da take, na zauna a cikinsa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ta ɗago tana kallona kamar ba ta yarda ba. Lokacin salla ya yi, na shimfiɗa mana tabarma ɗaya, na ce ta zo ta tsaya kusa da ni.